Salsalar Furen Okid: Shekara Dubu Biyu Ana Neman Wa Ya Fi Kusa da Wa

A cikin tsirran da ke yin fure a doron ƙasa, dangi biyu ne ke jayayyar yawa: dangin shuwaka da latas, da kuma dangin furen okid. Lissafin da masana suka yi aiki da shi a 2024 ya kai irin okid kusan 29,500, adadin da ya zarce irin tsuntsayen duniya da na dabbobi masu shayarwa ko da an gama su wuri guda. Wani furen bai kai kan ashana ba, wani tsiron kuma ya fi mutum tsawo. Kusan bakwai cikin goma a kan itatuwa suke zama, kamar kauci, sai dai su ba sa tsotsar ruwan jikin itacen. Wurin zama kawai suka ara. Abin da ya haɗa su bai taka kara ya karya ba: ɓangaren namiji da na mace na furen sun manne sun zama turke guda a tsakiya, galibi ɗaya daga cikin ganyen furen ya fita daban ya zama leɓe inda ƙwaro ke sauka, 'ya'yansu kuma ƙura ne zalla, babu guzurin abinci a cikinsu.

Gane cewa tsiro okid ne bai cika wuya ba. Abin da ya ci wa masana tuwo a ƙwarya shi ne salsala: a cikin wannan taro wa ya fi kusa da wa, wane reshe ne ya fara ballewa, a ina aka faro, kuma yaushe. Kowane zamani ya kira nasa mashaidin. An fara da saiwa, aka koma kan garin fure, aka gwada kara da ganye, daga baya aka kira sinadarin gado na DNA.

Rubutu mafi daɗewa a Turai da ya ambaci waɗannan tsirrai na Theophrastus ne, almajirin Aristo, wanda ya rasu wajen shekara ta 287 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Okid ɗin da ya sani na ƙasa ne, irin na tuddan Girka, masu ƙwaya biyu a gindi, ɗaya cikakkiya ɗaya a yamushe. Saboda wannan siffa aka kira su orkis, wato gwaiwa a harshensu, sunan kuma ya bi dangin har yau. A ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, likita Dioscorides ya rubuta abin da mutanen zamaninsa ke faɗa, wai in namiji ya ci babbar ƙwayar zai haifi ɗa namiji, in mace ta ci ƙaramar za ta haifi 'ya mace. Wannan camfi ne, amma cinikin saiwar gaskiya ne: har yau ana haƙar ta a Turkiyya da Iran ana niƙawa a yi salep, wanda Larabawa ke kira sahlab, abin shan nan mai kauri na lokacin sanyi.

Akwai kuma tatsuniyar da littattafan lambu ke yawan maimaitawa, wai Orkis wani saurayi ne da ya yi ɓarna a bikin gumaka aka yayyaga shi, sai ya rikiɗa ya zama fure. Ana jingina ta ga Girkawan da, amma masu bin diddigi ba su same ta a rubutunsu ba. A wani littafin lambu na Faransa na farkon ƙarni na 18 ta ɓulla. Haka a ƙasar Sin ana cewa Confucius ya yabi ƙamshin furen da suke kira lan, sai dai masana da dama na ganin tsiron da ke amsa wannan suna a zamaninsa wani ne daban. Abin da ke rubuce babu jayayya shi ne littafin Zhao Shigeng na 1233, a zamanin daular Song, wanda ya bayyana okid iri-iri da yadda ake rainonsu. Turawa kuwa sun daɗe ba su gane yadda okid ke hayayyafa ba, saboda ƙanƙantar 'ya'yansa. A ƙarni na 16 Hieronymus Bock, Bajamushe, ya zaci daga maniyyin tsuntsaye da ya zuba a ƙasa yake tsirowa, a ƙarni na 17 kuma Athanasius Kircher ya faɗi makamancin haka game da dabbobi.

Tsarin suna na zamani ya soma a 1753, da littafin Species Plantarum na Carl Linnaeus, mutumin Suwidin. Shi ya kafa al'adar ba kowane tsiro suna biyu na Latin, na gida da na iri. Okid sittin da 'yan kai ya sani, ya raba su gida takwas. Duk wanda aka kawo masa daga ƙasashe masu zafi aka ce a kan itace yake zama, sai ya tura shi gida ɗaya, Epidendrum. A nan banila ta tsinci kanta, wadda mutanen Aztek na Meziko suka daɗe suna sa wa a abin shansu na koko, tare da tsirran Indiya da na tsibiran Karibiyan da babu abin da ya haɗa ta da su na kusa sai hawan itace. Wannan kuskure, na ɗaukar irin zama ɗaya a matsayin jini ɗaya, zai yi ta dawowa da sabuwar riga har ƙarshen ƙarni na 20.

A 1789, shekarar juyin juya halin Faransa, Antoine Laurent de Jussieu ya ware okid a matsayin dangi mai zaman kansa. A 1800 Olof Swartz, shi ma ɗan Suwidin, ya kai gidajen 25, ya kuma yi rabon da zai yi mulki kusan shekara ɗari biyu: okid masu jakar gari ɗaya a gefe guda, masu jaka biyu a ɗaya gefen. Robert Brown, ɗan Sikotilan da ya yi yawon tsirrai a Ostareliya, ya ƙara zurfafa duba furen. A 1831, yana leƙen fatar jikin okid da madubin ƙara girma, ya lura da wani ɗigo a cikin kowace ƙwayar halitta, ya raɗa masa suna. Wannan ɗigo shi ne cibiyar ƙwayar halitta, inda daga baya aka gano mafi yawan DNA ke zaune.

Daga nan sai zamanin John Lindley, wanda har yau ake kira uban wannan fanni. An haife shi a 1799, ɗan mai sayar da dashe ne a kusa da garin Norwich, kuma ya taso daidai lokacin da attajiran Ingila suka kamu da zazzaɓin okid. Jiragen ruwa na sauke akwatuna daga Birazil da Indiya da Meziko, masu hannu da shuni na gina ɗakunan gilashi ana hura musu wuta, duk baƙon furen da ya buɗe kuma sai a aika wa Lindley ya sa masa suna. Ana ba da labari wai okid ɗin da ya ta da wannan zazzaɓi, Cattleya labiata, a matsayin ciyawar cushe kaya ya iso Ingila a 1818, wani mai son lambu William Cattley ya tsince shi ya dasa. Labarin da daɗin ji, amma bayanan da aka tono daga baya sun nuna William Swainson, wanda ya aiko shi daga Birazil, ya san abin da ya aiko.

Tsakanin 1830 da 1840 Lindley ya fitar da babban littafinsa kashi-kashi, ya bayyana iri kusan 2,000. Mashaidinsa garin fure ne, wato ƙurar namiji da ke barbarar mace. A yawancin tsirrai wannan gari a watse yake, iska ko ƙudan zuma su ɗebe shi. A okid kuwa galibi a cure yake, dunƙule biyu ko huɗu ko takwas, wani mai laushi mai marmashewa, wani mai tauri sai ka ce kakin zuma, wani da 'yar wutsiya mai danƙo a ƙarshe don ya manne a goshin ƙwaro. Da waɗannan bambance-bambance ya yanka dangin ƙabila-ƙabila. Dole a sara masa, domin da yawa daga cikin iyakokin da ya shata da madubin hannu suna nan ba su goge ba.

Ɗaya daga cikin sunayen da ya raɗa ta kogin Kwara ya biyo. A 1841 Ingila ta aiko jiragen ruwa uku su hau kogin, tafiyar da zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a cikinta. A ayarin akwai Samuel Ajayi Crowther, da J. F. Schön wanda ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, da wani mai lambu John Ansell. A tsibirin Fernando Po, Bioko ta yau, Ansell ya samo wani okid mai fure rawaya da dabbare-dabbaren damisa, Lindley kuma ya sa masa Ansellia africana a 1844. Tsiron ba baƙo ba ne a nan: likita J. M. Dalziel, a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, ya kawo shi da sunan manta-uwa da murucin bisa.

Sai dai tun Lindley na raye furen ya fara ba shi kunya. Akwai gidaje uku na Kudancin Amurka, Catasetum da Monachanthus da Myanthus, biyun ƙarshe ma shi ya sa musu suna, furanninsu ba su yi kama ko kaɗan ba. A tsakiyar shekarun 1830 Robert Schomburgk ya ga furannin gidajen nan uku a jikin tsiro ɗaya a Gayana. Kafin a gama jinyar wannan, John Dominy, mai lambun kamfanin Veitch, ya haɗa iri biyu na Calanthe da hannunsa, ɗan da suka haifa ya yi fure a 1856. An ce da aka nuna wa Lindley, cewa ya yi za su haukatar da masana tsirrai. Yana da dalili: in iri biyu na iya haihuwa tare cikin sauƙi haka, to ina iyakar iri take?

Amsar ta fito daga inda ba a zata ba. A 1862, shekara uku bayan littafinsa kan asalin ire-iren halittu ya ta da ƙura, Charles Darwin ya fitar da wani littafin kacokan a kan yadda ƙwari ke barbarar okid. Ya yi ta feɗe furanni yana bin jijiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya, har ya nuna cewa duk furen okid, komai baƙuncin siffarsa, a kan tsohon tsari ɗaya na uku-uku aka gina shi, wasu gaɓoɓin sun ɓace, wasu sun manne, wasu an juya su ga sabon aiki. Rikicin Catasetum ya warware shi da cewa babu gidaje uku, jinsin fure ne ya bambanta: wani namiji ne wani mace, na tsiro guda. Namijin har harba dunƙulen garinsa yake yi a bayan ƙudan zuma da zarar ya taɓa wata 'yar tsinka.

A watan Janairun wannan shekara aka aiko masa da Angraecum sesquipedale na Madagaska, farin fure mai wani siririn bututu a baya da ya kai kusan santimita 30, ruwan zaƙin kuma can a ƙarshensa. Darwin ya ce lalle akwai faɗa-wuta a tsibirin mai harshe da ya kai wannan tsawo. Wasu sun yi masa dariya. A 1903 Walter Rothschild da Karl Jordan suka bayyana ƙwaron, amma sai a 1992 aka ga shi ido da ido yana shan furen, shekara 130 bayan hasashen.

Ga masu rarraba tsirrai, wannan aiki ya zo da albishir da kuma masifa. Albishir ɗin shi ne yanzu rabo yana da ma'ana: a haɗa waɗanda suka fito daga kaka ɗaya. Masifar ita ce furen da suke dogara da shi ƙwaro ne ke sassaƙa shi. Tsirrai biyu da ba su haɗa kaka na kusa ba suna iya yin fure iri ɗaya don ƙwaro ɗaya suke zawarci, 'yan uwa na jini kuma su bambanta don kowa da nasa. A 1916 wani alƙali Bafaranshe a Aljeriya, Pouyanne, ya nuna iyakar abin: furen Ophrys yana kwaikwayon macen wani zanzaro, namijin ya zo ya hau shi, ya tashi da gari a jikinsa. Yau an ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na okid ba sa ba ƙwaro komai, yaudara ce zalla.

Bayan rasuwar Lindley a 1865 sarautar ta koma Jamus, hannun Heinrich Gustav Reichenbach na Hambag. A wannan fanni kowane suna yana rataye ne a kan busasshen samfurin da aka raɗa shi a kansa. In gardama ta tashi, shi ake komawa a duba. Reichenbach ya tara dubban irin waɗannan. Da ya mutu a 1889 aka buɗe wasiyyarsa, sai ga shi ya bar wa gidan tarihi na Biyana komai, da sharaɗin a kulle shekara 25 kada kowa ya gani. Ana cewa haushin lambun Kew na Landan ne, da ya ɗora Robert Allen Rolfe a kan aikin okid. Ko ma mene ne dalilin, sakamakon a bayyane yake: masana sun yi ta sake raɗa wa tsirran da ke da suna wani sunan, don ba su da abin gwadawa. Wa'adin ya cika a 1914, shekarar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

A tsakanin nan George Bentham ya sake tsarin a 1881, Ernst Pfitzer na Heidelberg kuma a 1887 ya ce a duba kara da ganye da yadda tsiron ke girma, kada a tsaya ga fure. Rudolf Schlechter, wanda ya yi yawon tara tsirrai a Afirka ta Kudu da Kamaru da Togo da Niyu Gini, ya sa wa okid fiye da dubu suna, tsarinsa ya fito a 1926, shekara guda bayan mutuwarsa. A daren 1 ga Maris 1943 bama-bamai suka faɗa wa ma'ajiyar tsirrai ta Balin, samfuransa suka ƙone. Abin da ya rage sai kwafin da ya rarraba wa wasu ma'ajiyu, da zane-zanen da Oakes Ames na Jami'ar Harvard ya sa aka kwafa masa tun kafin yaƙi. Wasiyyar mutum ɗaya da daren wuta ɗaya sun jawo wa wannan ilimi ruɗanin da furen kansa bai jawo ba.

Daga 1960 zuwa 1995 gardama ta koma kan manyan rassa. Leslie Garay na Harvard da Robert Dressler, wanda ya shafe shekaru a dazuzzukan Panama, kowa ya fito da nasa tsari. Babban abin saɓani wasu 'yan tsirrai ne na kudu maso gabashin Asiya, Apostasia da Neuwiedia, masu jakar gari biyu ko uku, garinsu a watse, turkensu bai gama mannewa ba. Shin okid ne, ko maƙwabta? A 1966 Pieter Vermeulen ya ce a cire su, a kuma cire masu leɓe mai siffar takalmi, dangin ya zama uku. A wannan shekarar ce littafin Willi Hennig, masanin ƙwari Bajamushe, ya fito da Turanci, da ƙa'idar da ta sauya fannin gaba ɗaya: kama kawai ba hujja ba ce, sai sabuwar siffar da aka gada daga kaka ɗaya, kuma ba a yarda da rukuni sai ya ƙunshi kakan da duk zuriyarsa. Dressler ya yi ƙoƙarin bin wannan hanya a littafinsa na 1993, ya kawo rassa biyar, ya ajiye banila a gindin reshe mafi girma. Dariusz Szlachetko na Folan a 1995 ya yanka dangin gunduwa-gunduwa, abin da mafi yawa ba su karɓa ba, ko da yake shi ne ya ba banila da 'yan uwanta reshe nasu na kansu, a nan kuma gaskiya na tare da shi.

A waccan shekara ta 1993 sabon mashaidi ya shigo. Mark Chase da abokan aikinsa 41 suka buga nazarin wani ɗan yanki na DNA mai suna rbcL, harufa kimanin 1,400 da ke cikin koren ganye, daga samfuran tsirrai 499. Amfanin wannan yanki shi ne babu ruwansa da ƙwaro: aikinsa kama iskar da ganye ke dafa abinci da ita, yana kuma tara 'yan sauye-sauye sannu a hankali daga uwa zuwa 'ya. Irin wannan bincike ne ya nuna wurin zaman okid a cikin tsirrai, a rukuni guda da albasa da tafarnuwa, kuma shi ne reshen da ya fara ballewa daga rukunin. A 1999 Kenneth Cameron da Chase da wasu suka juya kan okid kansa, da samfuri 171.

Rassa biyar suka fito, amma ba biyar ɗin Dressler ba. Apostasia da Neuwiedia, iri ƙasa da 20, okid ne na gaske, su ne kuma suka fara rabuwa. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa banila da danginta, iri kusan 250, su ne na biyu. Sai masu takalmi, ƙasa da 200. Sai manyan biyu: Orchidoideae, galibi na ƙasa, kimanin 3,600, da Epidendroideae, wanda ya kwashe fiye da kashi uku cikin huɗu na dangin duka. Abin mamakin yana wurin banila. Jakar gari ɗaya gare ta, kamar manyan rassan biyu, amma masu takalmi, masu jaka biyu, sun shiga tsakaninsu. Ke nan jaka ɗaya sau biyu ta samu, kowanne da hanyarsa, rabon Swartz na 1800 kuma ya rushe.

A kan wannan harsashi aka rubuta Genera Orchidacearum, juzu'i shida daga 1999 zuwa 2014, aikin Alec Pridgeon da Phillip Cribb da Chase da Finn Rasmussen. Gyaran tsarin na 2015 ya lissafa gidaje 736.

Masu lambu ne suka ji a jikinsu. A 1997 aka gano gidan Orchis, mai ɗauke da sunan dangin, tarkace ne na zuriya uku, aka kwashe Orchis morio aka kai Anacamptis. Laelia purpurata, furen da jihar Santa Catarina ta Birazil ke taƙama da shi, ya zama Sophronitis a 2000, ya sake zama Cattleya a 2008. Gidan Odontoglossum, abin alfaharin masu ɗakin gilashi tun zamanin Sarauniya Biktoriya, aka narkar da shi cikin Oncidium. Rajistar okid na haɗin hannu da ke Ingila ta haura suna dubu ɗari, kowanne kuma da sunan iyayensa yake tafiya, don haka duk sauyi ɗaya yana jan dubbai. Ƙorafinsu ba na banza ba ne. DNA na nuna yadda rassa suka rabu, amma ba ya faɗin inda za a sa wuƙa a ce nan gida ya ƙare. Wannan hukuncin mutum ne.

Akwai kuma waɗanda suka ƙi amsa tambaya. Tun 1899 Noël Bernard na Faransa ya gano cewa ɗan okid, da yake ba shi da guzuri, ba ya tsirowa a daji sai wata fumfunar ƙasa ta shige shi ta ciyar da shi. Wasu okid sun ƙi yaye, sun zubar da ganye sun zauna a kan fumfunar har mutuwa. Rhizanthella gardneri, wanda wani manomi ya tono da garma a yammacin Ostareliya a 1928, a cikin ƙasa ma yake fure. Irin waɗannan sun yar da yawancin DNA na koren ganye ko sun lalata shi, don haka sai da aka koma ga na cibiyar ƙwayar halitta kafin a san gidajen wasunsu.

Saura tambayar yaushe. Okid ba ya barin sawu a duwatsu: garinsa ba ya watsuwa a iska, 'ya'yansa ba su da ƙwari. Wannan ya sa aka daɗe ana zaton sabon dangi ne, ƙiyasin shekarunsa kuma ya yi ta yawo tsakanin miliyan 26 da miliyan 112. A 2007 Santiago Ramírez da abokansa suka bayyana wani ƙudan zuma marar harbi da ya maƙale a ƙaron itace da ya daskare ya zama dutse a Jamhuriyar Dominika, shekara miliyan 15 zuwa 20 da suka wuce, da dunƙulen garin okid manne a bayansa. Suka sa wa tsiron Meliorchis caribea. Da wannan ma'auni suka lissafa cewa kakan okid ya rayu shekara miliyan 76 zuwa 84 da suka shige, wato ya riski manyan dabbobin nan na dainoso kafin su ƙare.

A 2015 ayarin Thomas Givnish na Jami'ar Wisconsin, da yankunan DNA 75, ya tura shekarun zuwa kusan miliyan 112, a 2016 kuma ya ce a Ostareliya aka faro, aka bi ta Antaktika lokacin tana da dazuzzuka aka shiga Kudancin Amurka. Sun kuma nemi dalilin wannan yawa, suka ɗora shi a kan curewar garin fure, hawan itace, dabarar buɗe ƙofofin ganye da dare don adana ruwa, da zama a duwatsun ƙasashe masu zafi irin Andes, inda kowane kwari ke raba 'yan uwa. A 2017 masana a ƙasar Sin da abokansu suka karanta dukan DNA na Apostasia shenzhenica, suka ga alamar cewa gadon kakan okid ya ninka kansa gab da rabuwar rassan, kuma wasu yankunan da ke gina guzurin ɗan tsiro sun ɓace.

Ba a daɗe ba aka ƙalubalanci Ostareliya. A 2024 Oscar Pérez-Escobar na Kew da ayari mai yawa daga ƙasashe daban-daban suka haɗa iri 1,921, suka ce a arewacin duniya aka faro, a tsohuwar nahiyar da ta haɗa Arewacin Amurka da Turai da Asiya, kimanin shekara miliyan 85 da suka wuce. Suka ƙara da cewa dangin tsoho ne amma yawancin irin da ake gani yau cikin shekara miliyan biyar na baya-bayan nan suka samu, kuma babu inda suke tsagewa da sauri kamar Kosta Rika da Panama. Iri 1,921 dai bai kai kashi bakwai cikin ɗari na dangin ba, don haka wannan shari'a ba a rufe ta ba.

Rigimar suna ma ta iso dajin Afirka. Gidan Eulophia na okid ɗin ƙasa ne, mafi yawansu 'yan Afirka, cikinsu har da Eulophia cristata mai fure ruwan shunayya, wanda ke fitowa a dajin Afirka ta Yamma a ƙarshen rani tun ganyensa bai tsiro ba. Tsofaffin littattafan yankin suna kiran da yawansu Lissochilus, gidan da aka daɗe da narkarwa. A 2014 Florent Martos da abokansa a Afirka ta Kudu suka nuna da DNA cewa Eulophia bai cika ƙa'idar Hennig ba, suka yanke wani ɓangare suka mayar masa da tsohon suna Orthochilus. A 2021 Chase da André Schuiteman da Pankaj Kumar suka duba rassan nan, suka zaɓi akasin haka: a bar Eulophia da faɗinsa, a zuba masa wasu gidaje shida, har da Oeceoclades da Geodorum. Jerin sunayen tsirrai na Kew ya bi ra'ayin 2021, a Afirka ta Kudu kuwa masana da dama suna nan suna rubuta Orthochilus.